Yadda Ake Sauya Ƙananan Ƙarafan Birki Idan An Zo Canja Fahmat

Mota takan fito daga sana'iyya, wato unguwar garejoji a nan Saudiyya, da sababbin fahmat, wato ƙarafan birki masu kama diskin taya, mai ita yana murna, bayan mako biyu ko uku ta soma kuka duk lokacin da aka taka birki. Wata kuma ba ta kuka, sai dai ka tsaya a danja ka ji ƙauri yana tasowa daga taya ɗaya, ka kai hannu kusa da wili ka ji zafi yana dukanka. Nan da nan a ɗora wa mai kantin kayan gyara laifi, a ce jabu ya sayar. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa idan ka kwance tayar, fahmat ɗin lafiyarsu ƙalau, abin da ya ɓata aikin shi ne an ɗora su a kan tsofaffin kilif, tsofaffin sifirin da fil ɗin da giris ɗinsa ya bushe tun shekarun baya.

Waɗannan ƙananan ƙarafa aikinsu ɗaya ne: su bar fahmat ya matsa ya kama diski idan ka taka, ya kuma saki idan ka ɗaga ƙafa. A birkin diski su ne kilif ɗin da kunnuwan fahmat suke zamewa a ciki, da siririn farantin da ke bayan fahmat mai kashe ƙara, da sifirin na waya mai tura fahmat baya, da fil guda biyu da kalifa (kan birkin da fistin ɗin cikinsa ke matse fahmat a jikin diski) take gudu a kansu, da hulunan robar da ke rufe fil ɗin. A birkin durom kuwa sifirin ne masu yawa, da ƙusoshin da ke riƙe gumash (lanƙwasassun ƙarafa biyu masu goga cikin durom) a jikin farantin baya, da ƙarfen daidaitawa mai haƙora.

Ƙasar nan ba ta raga musu. Zafin bazara a Makka yakan haura digiri 45, a aikin Hajjin 2024 ma ya haura 51, sa'annan ga zafin da birki ke haifarwa da kansa, wanda a doguwar gangara yake kai diski ɗaruruwan digiri. Ƙarfen sifirin idan ya yi ta zafi yana hucewa, ƙarfinsa raguwa yake yi ko da a ido bai canja ba. Mu da ke Jidda kuma ga danshin Bahar Maliya mai gishiri, ga ruwan da kan cika tituna irin na Nuwamban 2022, wanda duk motar da ta ratsa shi ta kwashi laka a cikin birkinta. A Riyad tsatsa ba ta kai haka ba, amma ƙura tana shiga duk robar da ta tsage.

Abin da za ka saya

Je kanti da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke rubuce a istimara, wato takardar rajistar mota. Kada ka tsaya kan cewa "Camry ce 2015", domin mota iri ɗaya takan zo da kalifa iri biyu. Fahmat na kamfanonin waje wasunsu suna zuwa da kilif a cikin kwali, wasu ba sa zuwa da komai, saboda haka buɗe kwalin a gaban mai kanti. Na Toyota na asali dabam-dabam ake sayar da su: fahmat na gaba lambarsu tana farawa da 04465, farantan bayan fahmat 04945, kilif 04947. Mai kanti ba zai miƙo maka biyun ƙarshe ba sai ka tambaya, don yawancin mutane ba sa tambaya.

Haɗa da hulunan roba na fil, gwangwanin feshin wanke birki, da giris na silikon wanda aka rubuta cewa na birki ne. Giris ɗin nan kada ka yi wasa da shi. Baƙin giris na boris da muke zuba wa ko'ina daga man fetur ake yin sa, kuma robar birki kumbura take yi idan ya taɓa ta, har ta shaƙe fil ɗin a cikin raminsa. Abu ɗaya da ba na sayowa daga tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, shi ne waɗannan ƙarafa. Diski ko kalifa za ka iya dacewa da mai kyau a can, amma kilif da sifirin na motar da aka kwance sun riga sun ci wuta kamar naka. Araha ba ta ado.

Kayan aiki kuwa: jak, matokarin ƙarfe guda biyu, weji, sifanar taya, saitin soket, sifanar awon ɗauri, buroshin waya, ƙaramin magagari, filaya mai dogon baki, sukudireba mai faɗin baki, matsin tura fistin, ma'aunin kauri da guntun waya mai ƙarfi.

Kafin ka ɗaga motar

Ka bar birki ya huce, a inuwa, a kan siminti mai lebur. A bazara kwalta takan yi laushi har ƙafar jak ta nutse a cikinta. Sa weji a tayar da ba za ka taɓa ba, ka sassauta notinan taya tun mota tana ƙasa, sa'annan ka ɗaga ka zaunar da ita a kan matokari. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuma fashewa yake yi ba sallama. Buɗe bonet ka duba kofin man birki. Idan ya cika fal, zuƙe kaɗan da sirinji, domin man zai taso idan ka tura fistin, kuma yana cin fenti.

Ana yin tayoyin biyu na gaba tare, ko biyun baya tare, ba a canja ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Amma kwancewa, gama ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, don ya zame maka abin dubawa. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai.

Birkin diski

Murɗa sitiyari yadda kalifa za ta fuskanto ka. Kwance ƙananan kusoshi biyu da suka ɗaure kalifa da fil. A wasu motoci fil ɗin yana juyawa tare da kusar, sai ka riƙe shi da siririyar sifana. Zare kalifar ka rataye ta da waya a jikin sifirin ɗin shokozoba. Kada ka sake ta tana lilo da tiyon mai, tiyo yakan lalace ta ciki ba ka gani ba.

Yanzu kafin ka jefar da tsofaffin fahmat, jera su a ƙasa ka karanta su, su ne za su gaya maka inda ciwon yake. Idan na ciki ya cinye, na waje yana da sauran nama, fil ya ƙame, kalifa ba ta gudu. Idan fahmat ɗaya ya cinye a karkace, sama siriri ƙasa da kauri, to fil ɗaya ne ya maƙale ko kuma kunne ɗaya ya cije a cikin kilif. Idan sai da ka sa guduma kafin suka fita daga mazauninsu, tsatsa ta taru a ƙarƙashin kilif. Sabon fahmat naman jikinsa yakan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Lura da inda ɗan ƙarfen gargaɗi yake, wanda ke kuka idan fahmat ya ƙare, ciki ne ko waje, sama ko ƙasa, don ka mayar da sabon haka.

Kwance manyan kusoshi biyu ka ciro mariƙin kalifa gaba ɗaya. Bakanike mai gaggawa yakan bar shi a jikin mota ya ɗan goga masa buroshi ya wuce. Ni dai ban yarda da hakan ba, don rabin aikin yau a jikin wannan ƙarfe yake, kuma ba ka ganin cikinsa da kyau sai ka ɗora shi a kan benci. Tunda diski ya fito fili, auna kaurinsa. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi yana buge a jikinsa, a gefe ko a tsakiya. Idan kai shi wajen mai kharaɗa, mai injin fere fuskar diski, zai sa ya sauka ƙasa da wannan lamba, sabo za ka saya.

Ɓamɓare tsofaffin kilif da sukudireba, kana ajiye kowanne a gefen da ya fito, domin sau da yawa na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Dubi kwarin da suka tashi a kai. Za ka ga ja-ja-ja, wani lokaci ɓawon tsatsa mai tauri har ya yi baƙi ya yi santsi kamar ƙarfe ne. Wannan ɓawo shi ne yake ɗaga kilif sama kaɗan, tazarar da bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba, kuma ita kaɗai ta isa ta matse kunnen fahmat. Ka sa sabon kilif a kansa, ka ɓata kuɗinka. Goge da buroshin waya tukuna, sa'annan ka bi da magagari a kwance, a hankali, har sai farin ƙarfe ya bayyana a ƙasan kwarin da gefunansa, musamman kusurwoyi. Tsatsa kake cirewa, ba ƙarfe ba. Idan ka zarce ka faɗaɗa kwarin, fahmat zai riƙa ƙwas-ƙwas a kan kowane ɗan tudu. Fesa maganin wanki, ka bari ya bushe, ka shafa giris siriri ƙwarai a kwarin don kada tsatsar ta dawo da wuri, sa'annan ka danna sabon kilif da yatsa har ka ji ya zauna. Ya kwanta lub ba tare da wani gefe ya ɗago ba, kuma harsunansa kada su leƙo inda diski zai wuce.

Tun mariƙin yana benci, gwada sababbin fahmat a ciki. Ya kamata su shiga da ƙarfin yatsu, su yi gaba su yi baya kamar durowar tebur mai kyau, ba cijewa, ba kuma rawa. Idan sun cije, duba kunnuwansu. Fahmat masu araha sukan zo da fenti mai kauri ko ɗan tsinin ƙarfe da injin yanka ya bari, bugu biyu ko uku na magagari ya isa. Abin da nake gani a garejoji, a ɗauko injin gurza a cinye kunnen har ya yi siriri, alhali matsalar tana ƙarƙashin kilif, wannan ɓarna ce.

Sai fil. Zare su ɗaya bayan ɗaya kada ka cuɗanya su, domin a motoci da yawa ɗaya yana da ɗan zoben roba a bakinsa ɗayan ba shi da shi, kuma kowanne da raminsa. Goge su tas. Fil mai kyau santsi gare shi yana ƙyalli. Wanda ya yi ramuka, ya lanƙwashe, ko fatar jikinsa ta ɓare, canja shi, goga masa samfefa ba ya dawo da fatar da ke kare shi daga tsatsa. Wanke ramin ma, da feshi da ɗan tsumma a naɗe jikin sukudireba, har tsumman ya daina fitowa da baƙi. Zoben robar nan idan ya kumbura, sabo. Sa sabuwar hula, ka tabbata leɓenta ya faɗa cikin tsagarsa ta sama da ta ƙasa. Shafa wa fil giris na silikon a jikinsa, kada ka cika ramin ko ka tara a bakin fil, don iskar da ke ciki ba za ta sami hanyar fita ba, fil ɗin ya riƙa dawowa ya ƙi shiga ƙarshe. Tura ka jawo da yatsu biyu. Idan sai ka yi nishi, ba ka gama ba.

Duba robar da ta kewaye fistin. Idan ta yage ko akwai jiƙar mai a wurin, kalifar tana bukatar gyara na dabam, kada ka rufe a haka. Idan lafiya, ɗora tsohon fahmat a kan fistin ka tura da matsi sannu a hankali har ya koma ciki, kana leƙa kofin mai. Kalifar baya wadda birkin hannu yake jikinta ba a tura fistin ɗinta kai tsaye, murɗa shi ake yi yana shiga, da abin aikinsa na musamman. Mota mai birkin hannu na lantarki kuwa, mai maɓalli, sai an sa ta a yanayin gyara, ko da na'urar kwamfuta ko ta hanyar da littafin motar ya faɗa. Wanda ya tura da ƙarfi ya karya injin da ke ciki, kuma kuɗinsa ya ninka na fahmat sau da yawa.

Mayar da mariƙin ka ɗaure. Ɗora farantan baya a jikin fahmat, idan masu hawa biyu ne a sa ɗan giris tsakaninsu, idan akwai kibiya a jiki ta bi yadda taya ke juyawa in mota tana gaba. Ɗigo ɗaya na giris a kan kowane kunne ya wadatar, a nan ƙura ta yi yawa, giris mai yawa laka yake zama. Fuskar fahmat da diski kuwa ko yatsa mai maiƙo kada ya taɓa su. Sa fahmat, sa sifirin na waya a 'yan hudojin da ke gefensu idan motar tana da shi. Da zarar ya shiga zai riƙa turo su waje, sai ka riƙe da hannu ɗaya kana kifa kalifa da ɗayan. Mutane da yawa cire shi suke yi su jefar saboda wannan 'yar wahala, alhali shi ne yake janye fahmat daga jikin diski. Duba tiyo kada ya murɗe. Ƙananan kusoshin ba sa son ƙarfi, manyan ne ke so, awon kowanne yana littafin gyaran motar. Notin taya a yawancin Camry da Corolla 103 ne a ma'aunin Nm na sifanar awon ɗauri, a ɗaure su a tsallake, ba a jere ba.

Land Cruiser da Hilux masu jan ƙafa huɗu kalifarsu ta gaba ba ta gudu, fistin huɗu ne, biyu kowane gefe. A nan fahmat a kan dogayen fil biyu suke rataye, da sifirin mai gicciye a kai da 'yar waya mai hana fil zamewa. Cire wayar, doki fil daga baya da ɗan ƙarfe, zaro fahmat. Fil ɗin nan a waje suke, suna shan ƙura da ruwa, kuma sukan yi tsaga inda fahmat ke gogarsu. Canja su duka da sifirin ɗin da wayar.

Birkin durom

Hiace, Hilux, Yaris da Accent da yawa durom ne a bayansu, kuma a nan ne ƙananan ƙarafa suka fi yawa. Saki birkin hannu, ka tabbata weji yana gaba. Idan durom ya ƙi fitowa, na Toyota yana da hudoji biyu masu zare a fuska, ɗaura kusa M8 a kowanne kana murɗa su bi da bi, zai turo kansa. Idan ya taso kaɗan ya cije, gumash ne ya kama bakin da ya yi gaɓa, sai ka cire 'yar robar da ke farantin baya ka sassauta ƙarfen daidaitawa. Ƙurar ciki kada ka hura ta da iskar kwamfireso, huhu ba ya son ta. Fesa mata maganin wanki ta gangara cikin tasa.

Hoto, sau biyu ko uku daga kusurwa dabam-dabam. Ɗaga leɓen robar silindar taya ka leƙa, idan akwai mai a ciki canja silindar, in ba haka ba sabon gumash zai jiƙe cikin 'yan kwanaki. Cire babban sifirin na sama tukuna, ido a kare da tabarau domin yakan kuɓuce. Sai ƙusoshin riƙo: danne kan ƙusar ta baya da yatsa, ka danna kofin sifirin ka juya shi kwata. Daga nan gumash biyu za su fito da ƙarfen daidaitawa da sifirin na ƙasa, saura igiyar birkin hannu. Jera komai a kan kwali yadda yake a mota.

A jikin farantin baya akwai 'yan tudu, yawanci uku ga kowane gumash, inda gefensa yake gogawa. Goge su, idan sun yi tsaga ka daidaita da magagari, ka ɗiga giris kaɗan. Warware ƙarfen daidaitawa, wanke zarensa, shafa masa giris siriri, ka murɗa shi har ya gajarce. Na hagu da na dama zarensu saɓanin juna ne a motoci da yawa, idan ka musanya, maimakon ya riƙa matso gumash zai riƙa janye shi, feda tana ƙara nisa kullum. Kwatanta sababbin sifirin da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, tsawo da siffar ƙugiya, sa'annan ka haɗa a juye da yadda ka kwance, kana duba ɗayan ɓangaren da ba ka taɓa ba. Buɗe ƙarfen daidaitawa har durom ya shiga da ɗan gogawa kaɗan, ka ja birkin hannu sau da yawa don gumash ya zauna tsakiya, ka sake juya durom ɗin ka ji.

Kafin ka hau titi

Kada ka sa giya sai ka taka feda sau da yawa, gajeren taku, har ta yi tauri. Takun farko zai tafi ƙasa fanko domin fistin yana can ciki, kuma da yawa an daki bangon gareji a wannan gaɓa. Duba mai ka cika da irin wanda aka rubuta a murfi. Man da ake kira DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma idan sun sha danshi awon yana saukowa wajen 140 da 155, shi ya sa a Jidda man da ya haura shekara biyu gara a sauya shi. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su.

Nemi titin da ba cunkoso. Kai gudun 60, taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, ka sake tashi ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas zuwa goma. Sa'annan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba birki don ya huce. Tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Zafin hagu da dama ya zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi, wani abu yana cije a can, koma ka buɗe tun yau. Bambancin ƙarfin birki tsakanin hagu da dama shi ne kuma abin da na'urar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, take kamawa idan aka ɗora tayoyi a kan rola, kuma ba fahas ba sabunta istimara.

Kwanakin farko a tafi a hankali. Mai niyyar zuwa Ɗa'ifa ya bari sababbin fahmat su yi 'yan ɗaruruwan kilomita a cikin gari kafin ya sauko da su ta hanyar Hada, inda ake gangarowa daga tsaunin da ya kusa mita 2,000, kuma ko bayan sun zauna, a sauko da ƙaramar giya injin yana riƙe motar. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notinan taya da sifanar awo.